Hannun 'Yata da Aka Ɗaure a Ajin Nazare

Zuwa ga Hajiya Mai Makaranta,
ta wata makarantar nazare da ke Jushi, Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali da malamanki, ni ce mahaifiyar Nana, yarinyar nan 'yar shekara huɗu da kuka ɗauka a farkon zangon nan. Ban ambaci sunan makarantarki ba, don ba so nake a rufe ta ba. Amma na zo ofishinki kin sallame ni a tsaye, na je wurin masu wayar kuɗi na ƙarƙashin laima na buga miki waya kin ce kina taro. To tunda ba ki da lokacin saurarona a ɗaki, sai ki saurare ni a gaban jama'a.

Na ɗaya, ki san yadda aka yi na zo wurinki. Daga Gusau muka taso, bayan maigidana ya samu aiki a wata masana'anta a Chikaji. Muka kama haya a Samaru kusa da yayarsa, don ita kaɗai muka sani a garin nan. A Gusau Nana na zuwa wata nazare a bayan gidanmu, tana sonta har ranar Asabar sai ta ɗauko jaka ta tsaya a bakin ƙofa. Da muka zo, ni na shiga yawon neman makaranta da goyo a bayana. Ta kusa da mu a Samaru aka ce aji ya cika, kuma 'ya'yan ma'aikatan jami'a ake fara ɗauka. Wata shago ce aka raba biyu da katako, ƙofarta na kallon titi, 'yan acaba na wucewa a guje. A Unguwar Gabas na tarar da wadda ba ta da banɗaki, sai bokiti a lungu. Wata Madam a Sabon Gari ta karɓe ni da mutunci, makarantarta tsaf, amma ta ce sai baɗi. Saboda haka ranar da na shigo harabarki na ga lilo, ga inuwa, ga yara fes, wallahi hamdala na yi. Nisa bai dame mu ba, babanta ya ce zai riƙa sauke ta a babur in zai tafi aiki. Zaɓarki na yi, Hajiya, bayan na sha wuya.

Na biyu, tun ranar farko na faɗa miki da bakina cewa Nana bahaguwa ce. Na ce da dama take cin abinci, da dama take karɓa da miƙawa, mun koya mata wannan a gida ta hanyar lallashi. Rubutu da zane ne kawai take yi da hagu, haka Allah ya yi ta. Kika yi murmushi kika ce ba komai, kun saba. Ashe abin da kuka saba daban ne.

Na uku, ga abin da ya biyo baya. Yarinyar da ke tashin mu da surutu ta koma shiru. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Ta dawo fitsarin kwance, abin da ta bari tuntuni. Sannan i'ina ta shigo bakinta, sunan babanta ma sai ta yi ta kokawa kafin ya fito. Na ɗauka baƙunta ce da kewar gida, har na yi mata faɗa, kuma wannan faɗan yana cina har yau. Wata rana da la'asar ina wanki na hango ta tana wasan makaranta da 'yar tsanarta. Ta yagi tsumma ta ɗaure hannun hagun 'yar tsanar a ƙafar kujera, tana nuna ta da yatsa, tana kiranta ƙazama. Ba a gidana ta ji wannan kalmar ba.

Washegari ban gaya wa kowa ba, na hau bas na zo ana tsakiyar darasi. Na leƙa ta taga. Na ga 'yata a bencin gaba, an zura hannunta na hagu cikin tsohuwar safa, an ɗaure shi da tsumma a jikin benci. Alli na hannun damanta, hawaye na ɗiga a kan allo, ita kuma malamar ajin, wadda suke kira Anti, na tsaye a kanta da rula. Can baya akwai wani yaro, shi ma haka aka yi masa. Ni na shiga na kwance ta da hannuna. Ban zagi kowa ba ranar, kuma ba don ba ni da bakin zagin ba ne.

Na huɗu, amsarki ta fi ɗaurin ƙona mini rai. Kin ce tarbiyya ce, hagu hannun tsarki ne, kuma iyaye da yawa su suke roƙonku ku yi haka. Kin ce bahaguwa ba ta daraja a gidan miji. Haba Hajiya. Yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba, ita ake ɗaure wa hannu saboda gidan miji? In wasu iyayen sun roƙa, ni na roƙa? Ke fa na faɗa wa, ido da ido. In dokar makarantarki ke nan, me ya hana ki gaya mini tun ranar, in ja 'yata in ci gaba da yawona? Ni ma 'yar Musulmi ce, ba wanda zai koya mini muhimmancin dama. Duk da haka na je na tambayi malamin Islamiyyar unguwarmu, ya ce bai san wani hani a kan rubutu da hagu ba, balle a ɗaure ƙaramin yaro. Ya yi ta salati da na kwatanta masa safar.

Kuma da kika ce in ban ji daɗi ba in kai ta wani wuri, kin san sarai tsakiyar zango ne, kin san ni baƙuwa ce, kin san ba inda zai karɓe ta yanzu. Da gangan kika faɗa.

Ga abin da nake nema. Kuɗin makaranta da na biya ki riƙe abinki, ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Ina so a daina ɗaure hannun kowane yaro a makarantar nan daga yau. Ina so ki kira iyayen yaron can na bencin baya ki gaya musu, don na tabbata ba su sani ba. Ina so duk uwar da ta kawo miki bahago ki faɗa mata gaskiyar abin da kuke yi kafin ta biya.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Nana na gida, ta daina taɓa fensir. In na miƙa mata sai ta zauna a kan hannun hagunta ta sunkuyar da kai. Na faɗa mata, babanta ya faɗa mata, gwaggonta ta faɗa mata cewa hannunta ba shi da laifin komai. Ba ta yarda da mu ba. A wurin yarinya mai shekarunta, abin da Anti ta ce shi ne gaskiya, ko da uwa ta ce ba haka ba. Saboda haka ina so ki turo mini Antin nan, ko ni in kawo yarinyar, ta durƙusa daidai tsayinta, ta kama hannun nan, ta gaya mata ba ƙazami ba ne. Ni ba na bukatar ban haƙurinku. 'Yata nake so ta ji daga bakin da ya ɓata ta, tunda nawa bakin ya kasa.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki ga gaskiya ki bi ta. Allah ya raya miki zuri'a, ya kare jikokinki daga abin da na gani ta tagar ajinki.

Wassalam.

Maman Nana,
Samaru, Zariya.