Hancin Arap Tonui Ya Shiga Fayil

Kericho, 6 ga Mayu

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama. Yaya gwiwar nan taka da wannan ruwan sama? Jar saniyar ta haihu kuwa?

Baba, 'yarka ta ɗebo ruwan dafa kanta. Sabon manajan masana'antar shayinmu, Mista Gachanja, ya ce in rubuta wa kowane ma'aikaci takardar bayanin aikinsa, wanda bai dace da kowace takarda ba kuma a sallame shi ƙarshen wata. Ya miƙo mini wasu da ya taho da su daga Nairobi, wai in canja suna kawai. Mutumin da bai san ƙamshin ɗanyen ganye ba!

Ka tuna Arap Tonui, abokin aikinka na da? A littafin kamfani har yau mai shara ne. Alhali shekara ashirin shi ke tsayawa inda ake baza niƙaƙƙen ganye don ya nuna. Sai ya damƙa, ya shinshina, ya ɗaga hannu, sannan a tura ganyen zuwa injin busarwa. In an yi gaggawa shayi ya yi salam, in an makara ya yi tsami. Takardar Nairobi ta ce wannan aiki sai wanda bai kai shekara talatin da biyar ba, mai shaidar sakandare. Shara kuwa an ba 'yan kwangila. Ka ga ta ko'ina babu shi.

Na ja kujera na zauna kusa da shi kwana uku ina rubuta duk abin da yake yi. Sai tsokanata yake, wai, "'Yar Arap Kirui, hancin nawa za ki sa a fayil? To ki rubuta ba ya shiri da mura." Na yi dariya, amma ban manta ba jikoki huɗu ke cin ugali, tuwon masararmu, a gidansa.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Cherotich

Kericho, 29 ga Mayu

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. Na ji daɗin labarin ɗan maraƙin.

Albishirinka! Ran Talata aka zauna duba takardar da na rubuta wa aikin Arap Tonui. Na rubuta cewa mai wannan aiki zai gane nunar ganye ta ƙamshi da launi, yana da ikon tsayar da inji, ga wanda zai kai wa rahoto, kuma zai koyar da mutum biyu. Mista Gachanja ya juya takardar gaba da baya yana neman shekaru da satifiket. Na ce aikin bai tambaye su ba, ni ma ban rubuta ba. Lauyar kamfani, Madam Nafula, ta ce ina da gaskiya: sharaɗin da aiki ba ya bukata wariya ce, kuma ita ba ta da takalmin zaryar kotu.

Manajan bai haƙura ba, ya ce a gwada. Aka jera faranti uku na ganye, aka kira Arap Tonui da samari biyu masu difloma. Samarin suna ta leƙen agogo. Shi kuwa ya shinshina na farko ya ce saura kaɗan, na biyu ya ce a kwashe yanzu. Da ya zo na uku sai ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan na jiya ne. Wa kuka mai da yaro?" Har manajan sai da ya dara. Jiya Arap Tonui ya sa hannu, shi ne mai kula da nunar ganye. Wallahi, Baba, na fito ofis ina jin kaina ya taɓo rufi.

Da na raka shi ƙofa ya gaya mini abin da ba ka taɓa faɗa ba, cewa kai ka koya masa. Shekarata tara ranar da ka dawo gida da takalman roba a hannu, an sallame ka, wai aikinka ba ya cikin lissafi. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, ni ce abin ya tsaya wa a rai.

Don haka na sake zaunar da shi, ya lissafo mini duk abin da kake yi a lokacin, na rubuta. Ga takardar bayanin aikinka nan cikin ambulan, shafi biyu cif. Babu hatimin kamfani, sa hannuna ne kawai. In na tsallake wani abu ka gyara, Baba, kai ne mai aikin.

'Yarka mai alfahari da kai,
Cherotich