Agogon Baba Ya Sha Ruwa

Talata, bayan isha'i

Yau na kai agogon Baba gyara Mafara. Tun jiya gilashin ya yi gumi daga ciki, da asuba kuma agogon ya tsaya cak. Baba ko kununsa bai taɓa ba. Marigayiya Inna ce ta sayo masa shi daga Makka.

Mai gyara ya buɗe bayan, ya nuna mini 'yar robar da ke tare ruwa, ta bushe ta tsage. Ya busar da cikin, ya sa sabuwa. Ya ce a riƙa cire shi wajen alwala da wanka, ruwan zafi kuwa kada ya taɓa shi.

A mota, muna dab da Birnin Tudu, na gane abin da ya faru. Yatsun Baba sun fara rawa, ba ya iya kwance maɗaurin, kuma ba mutum ne mai son sa aiki ba. Shi ya sa yake alwala da shi.

Da magariba na kawo masa buta, na durƙusa na kwance masa agogon. Da ya idar da salla na mayar.

Ya ce, "Kullum za ka yi wanga aiki, Sani?"

Na ce kullum, in sha Allahu.

Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Sassauta kaɗan. Uwarka ba ta matse mini shi haka."