Musa Ya Ƙi Karɓar Bindiga

Daren Talata, unguwar Bagdadiyya, Jidda

Yau ɗana Habu ya ɓata min rai. Wai ba zai ƙara ɗaga wayar ɗansa Musa ba, don yaron ya ƙi karɓar bindiga a yaƙin Sudan. Musa ya ce shi ba zai harbi ɗan kowa ba, ya koma asibiti yana wanke masu rauni. Uban kuwa yana nan Jidda yana shan sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana kiransa matsoraci.

Na ce, "Habu, ni na haife ka. Ko kaza maƙwabta ke yanka maka. Yalla, ga jirgin ruwa can, je ka yi yaƙin."

Na hana shi gaishe ni sai ya kira min angona Musa. Ga shi bakin ƙofa yana ta "Hajiya, Hajiya," ni kuwa ina ta minsharin ƙarya.