Na Tayar da Mijina daga Kujerarsa

Baji Farhat, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da dangin mijina za su yi ta ba jikokinsu labari.

Ni malama ce, ina koyar da adabi a wata kwalejin 'yan mata a nan Lahore. Mijina Shafqat yana da shagon wasan bidiyo a bayan kasuwar unguwarmu, kuma wasa ɗaya ne ya riƙe shagon, wani wasan dambe da ake fitar da sabonsa duk bayan 'yan shekaru tun muna ango da amarya. Kin san dokar irin waɗannan shaguna. Mutum biyu ne a gaban na'ura, wanda aka kayar ya tashi, wanda ya ci ya zauna har sai an samu mai tayar da shi. Shi kuwa ba a tayar da shi. Ustad suke ce masa. Ɗalibansa suna kawo masa shayi da alawar jalebi, suna jere a bayansa kamar masu bin liman.

Ranar da na haifi 'yarmu yana kan kujerar. Ranar da mahaifiyata ta rasu, sai da aka kusa ɗaukar gawa ya iso, wai babu wanda ya kayar da shi, kuma Ustad ba ya tashi da kansa. Na haɗiye. Ni da nake koya wa 'yan mata labarin matan da suka ƙi haɗiyewa.

Bana masu ƙera wasan suka fitar da sabo, suka birkita komai. Salon mijina haƙuri ne: ya kare, ya jira, ka yi kuskure ɗaya ya gama da kai. Sabon kuwa mai kai hari yake fifitawa, har an sa wani maɓalli da ke haɗa maka dukan da shi ya yi shekaru yana koyo. Tun daga nan ba mu huta ba a gida. Wai an ci amanar tsofaffin hannu, wai an mayar da gwaninta wasan yara. Na ce masa marubucin da ke maimaita littafi ɗaya yana canza masa bango, ko kyauta ba zan karanta shi ba. Ya ce mace mai tabarau me ta sani game da dambe.

Wannan maganar ce ta kai ni shagon ranar Juma'a da yamma, lokacin da ya fi cika. Na gyara mayafina, na zauna a kujerar mai ƙalubale. Ɗalibansa suka fara dariya, ɗaya ya ce matar Ustad ta kawo abinci ta manta kwanon a gida. Ban taɓa riƙe sandar wasan ba. Na tambayi na kusa da ni wanne ne maɓallin ragwaye, ya nuna min, na yi ta dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Ɗan dambensa ya faɗi. Aka sake, ya sake faɗuwa.

Na ga mijina bai motsa daga kujerar ba, sai na ce masa, "Ustad, doka ce. Tashi."

Ya tashi. Baji, ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji, har yau ina jin sa.

Yanzu yana gidan yayansa. Ya cire sabon wasan daga shagon ya mayar da tsohon, samari sun koma shagon tsallaken titi. Ya aiko yayan nasa da sharaɗi: ba zai dawo gida ba sai na je gaban ɗalibansa ya kayar da ni a tsohon wasan, in kuma faɗa da bakina cewa nasarata zamba ce. 'Yarmu tana ta kuka, surukata ta ce karatu ya lalata ni. In je in durƙusa, ko in bar shi da kujerarsa?

Mai Tabarau, Lahore

Mai Tabarau,

Ba ke kika kayar da shi ba, maɓalli ne, kuma kin sani. A nan mijinki yana da gaskiya. Da yarinyar da ba ta taɓa buɗe littafi ba za ta tashe ki daga gaban allo, ɗalibanki suna kallo, ke ma da kin yi yaji.

Amma ke ma kina da taki. Masu ƙera wasan ba za su zauna suna tsufa tare da Shafqat ba. Da sun bar shi yadda yake, da shi da sa'o'insa ne kawai za su rage suna dukan juna. Abin da yake kira amana, so yake duniya ta tsaya a inda shi ne gwani. Ya mayar da sabon wasan shagon, ya ajiye tsohon a na'urar kusurwa don masu kewa. In ya ƙi, shagon zai mutu, kuma ba ke kika kashe shi ba.

Rabin sharaɗinsa za ki cika. Ki je ki zauna, ki yi iya ƙoƙarinki a tsohon wasan. Zai kayar da ke kafin shayi ya huce, ba sai kin faɗi da gangan ba, kuma wannan nasarar halalinsa ce. Amma kada ki ce taki zamba ce. Da yardarsa ya zauna, da dokarsa ya tashi.

Sai abin da ba ki tambaye ni ba. Duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika ce kina kewarsa ba. In kina so ya dawo, ki faɗa masa abin da ya yi miki tsawon shekarun nan, a ɗaki, ku biyu, ba a gaban yaransa ba. In ba kya so, wannan ma ki faɗa masa da bakinki, kada ki ɗora wa na'ura. 'Yarku tana jira ta san wanne ne.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita ku in da sauran alheri a tsakaninku.

Baji Farhat