Tsamiyar Baffa ta Bakin Mayo

Assalamu alaikum Hamma Lawali,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Yaya su Ummi? Ni ƙalau nake a nan ƙasar Holan. Tarin ya yi sauƙi, ba sai ka gaya wa Inna ba.

A makaranta an sa mu haɗa taswirar ambaliya a kwamfuta, irin wadda gwamnati ke dubawa kafin ta zaɓi inda za a yi gada. Da na nemo koginmu, Mayo Bani, sai na tarar da wurin fari fat. Malaminmu ya ce ba su da awon ruwanmu, kuma inda babu awo, tsallakewa ake yi.

Ka tuna tsamiyar da marigayi Baffa ke tsagawa da gatari daidai inda ruwa ya tsaya kowace damina, muna ta yi masa dariya? Don Allah ka auna tsayin kowace tsaga daga ƙasa, ka turo hoto. Inna ta san shekarunsu, da haihuwarmu take ƙirgawa.

Na ji masu gawayi sun zo kallon tsamiyar. Hamma, kada ka yarda su sare ta! Damina ashirin da uku Baffa ya yi yana rubutu a jikinta, sai yanzu aka samu mai karantawa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hapsatu