Gasar da Ta Ƙona Mini Burodi

Anti Lailatu, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin takaicin ma'aikata ya sa mini hawan jini. Ina da gidan burodi a Ketaren Gwari, nan Minna, kuma yawancin cinikina da masu shagunan Gidan Kwano ne, inda ɗalibai suke.

A farkon shekarar nan na biya kuɗina na halarci wata bita ta masu ƙananan sana'o'i. Malamin ya ce masana sun rabu kan abin da ke sa ma'aikaci himma. Wasu sun ce ɗan Adam rago ne, sai da sa ido da tsawa. Wasu sun ce buƙatunsa kamar tsani suke, ciki a ƙasa, yabo da mutunci a sama. Na ce to, ciki dai ina cika musu, albashi bai taɓa makara ba, saura yabo. Na dawo na kafa gasar Gwarzon Wata: duk wanda bai bar bakin aiki ba ko sau ɗaya, a liƙa hotonsa a bango, in ya ci sau uku a jere a ba shi wayar hannu sabuwa fil. Wane mai gida ne ke yin haka a garin nan?

Alhassan mai kwaɓi ya cinye sau uku, na miƙa masa waya a gaban kowa. Daga nan Yona ya fara kumbure-kumbure. Yona shi ne mai kula da tanderu tun ranar da na buɗe wurin, kuma ba na musu, hannunsa ne ya sa burodina ya yi suna. Amma duk safiyar Lahadi sai ya tafi coci, Alhassan ya riƙe masa wuta, to doka ta ce ya fita daga gasar. Laifina ne? Ranar Juma'a kuwa lokacin masallaci hutu ne, tunda ni ma ina tafiya, Yona kan zauna da tanderu har mu dawo. Haka muke tun fil azal.

Juma'ar da ta wuce muka dawo muka tarar burodi ya zama gawayi, hayaƙi har titi. Shi kuwa gogan yana zaune gindin mangwaro yana shan rake. Wai ai ni na ce lokacin hutu ne, shi ya sa shi ma ya huta. Anti, Allah ne kawai ya riƙe hannuna. Na zazzage masa abin da ke cikina a gaban yara, na kira shi mahassadi, butulu. Washegari sai ya ce ƙarshen wata zai ajiye aiki, daidai lokacin da ɗalibai za su dawo. Wani abin haushin, shi ma Alhassan ya cire hotonsa daga bango, ya dawo mini da wayar a kwalinta. Tsiyar ta kai haka!

Na tsani wannan rashin godiya. In koma tsawa da yankan albashi ne, ko in bar shi ya tafi? Tsorona ɗaya, in Yona ya tafi ban san wanda zai gasa mini burodin da mutane suka saba da shi ba.

Naki,
Mai Gida da Aka Ƙuntata, Minna

Malam Mai Gida,

Na ji zafinka, kuma zan fara da inda kake da gaskiya. Yona ya yi laifi. Mai ƙorafi baki yake buɗewa, ba ya barin abincin mutane ya ƙone. Wannan sai ka faɗa masa ido da ido, ku biyu kawai.

Amma ka sake karanta wasiƙarka a natse. Ka kira Juma'a hutu, ka kira Lahadi fashi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gadin wutarka don ka je ka yi sallah, shi ka shirya wa gasar da ba zai taɓa ci ba sai ya bar ibadarsa. Sannan ka liƙa hoton abokinsa inda zai riƙa gani kullum. Ba hassada ke cin sa ba, raini ya gani. Alhassan ya riga ka ganewa, shi ya sa wayar ta yi masa nauyi a aljihu.

Malamin bitar bai yi ƙarya ba, kai ne ka ɗauko rabin karatun. Masana sun kuma ce ma'aikaci yakan auna kansa da na kusa da shi, in ya ga ba a yi adalci ba, kyauta sai ta koma zagi. Abin da ke tafiyar da gidan burodinka tun farko shi ne riƙe mini in riƙe maka da ke tsakanin mutanen nan biyu. Kyauta ka same shi, kai ka sa masa doka.

Tsawa da yankan albashi kuwa, su za su kwashe maka sauran. Ka soke gasar. In kana son yabo, ka yaba wa kowa ranar da burodi ya ƙare da wuri. Ka taka har gidan Yona, tunda a gaban mutane ka zage shi, ka kuma janye zagin a gaban mutanen. Ba na yi maka alkawarin zai zauna, don magana zarar bunu ce. Amma Lahadin nan kada ka sa Alhassan. Kai da kanka ka naɗe hannun riga ka tsaya bakin tanderu har Yona ya taso daga coci, ka ji irin zafin da yake sha maka duk Juma'a.

Allah ya huci zuciyarka, ya sa albarka a sana'arka.

Anti Lailatu