Takardar Da Ke Cikin Ƙullin Kayansa

Cofimvaba, 9 ga Mayu

Yaya Buyiswa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki mai ƙin sanyi. Ni dai ga ni kan katifar takaba, daga ni sai bango.

Kin tuna neman diyyar da mijina Mzoxolo ya shigar, da ƙafafunsa suka shanye bayan allurar rigakafi? Likita ta ce mutum ɗaya hakan ke samu cikin dubun dubata, sai ya faɗo kansa. Jiya wasiƙa ta zo daga ofishin diyyar: tunda mai nema ya rasu, matarsa ta kai takardun asibiti cikin kwana talatin, ko a rufe maganar.

Takardun suna aljihun kwat ɗinsa, cikin ƙullin kayan da ba a kwancewa sai ranar fita takaba. Surukata ta ce, "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har kin jiyo ƙanshin kuɗi?"

Ba kuɗin ba ne, Yaya. Har gobe garin nan cewa ake giya ce ta kwantar da shi, mutumin da ko a bikinmu shayi ya sha. Shekara biyu yana jan sanduna yana cewa, "Bari takarda ta zo, Nolufefe, su ji kunya."

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Nolufefe

20 ga Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa, yaya jikin naki?

Na kwance ƙullin tun kafin kwana talatin ɗin su cika. Da rana tsaka na yi, kada a ce sata ce. Na shiga motar garin Komani don kai takardun, da baƙaƙen kayan takabata, kujerar baya, ba wanda ya zauna kusa da ni. Tun ranar surukata ba ta ci girkina ba. Maƙwabta ko aron gishiri sun daina zuwa.

Amsa ta zo Litinin. Sun amince, allurar ce. Na ɗauka zan zaga gari ina ɗaga ta. Na miƙa wa surukata, ta ce ba ta karɓar komai daga hannun da ya taɓa ƙulli.

Sai na koma ɗaki, na jingina sandunansa da kujera, na karanta musu daga farko har sa hannu. Sau biyu, don kin san shi, karatu ɗaya ba ya isarsa.

Kaɗaici ya ishe ni, Yaya. In kin samu hutu ki zo. Ina so mai kunne ya ji ta.

Taki har kullum,
Nolufefe